Kamu Gudan da Tanimu Ya Ƙara

Tanimu mai walda ne a tashar Gure, yana ƙera ƙarfen ɗora kaya a saman motoci. Wani shofer mai tuƙa motar zuwa Kelle ya matsa masa, har ya ƙara wa na motarsa tsawon kamu guda. Ran kasuwa sai ga ta da buhu ashirin, tana rangaji, ƙanwarsa Habsu can ƙololuwa da goyo, ita da wasu mata. Ya san nauyin sama ke kifar da mota a tudun rairayi.

"Habsu, sauko!"

"Ni kaɗai, Yaya?"

Ya dubi sauran matan. Sai ya tare gaban motar, ya ce sai dai a taka shi. Aka sauke kayan, ya yanke ƙarfen da ya ƙara.