Hanyar da Aka Ba Shekara Ashirin

Ƙarfe shida na safiyar Talata Miyanda ta fito da takalman aiki a hannu. Mahaifinta Hachaamba, tsohon malamin lissafi a garin Choma, yana baranda da littafinsa.

"Baba, har yanzu kana ƙirga mini tireloli?"

"Sha ɗaya tun asuba. Ke da na'urarki kun ce huɗu ke wucewa a yini."

"Ba ni na ce ba. Abin da aka ba ta shi ta ci."

Shekara shida tana aikin tsara hanyoyi. Akan ba manhajar ofishinsu ƙarfin ƙasa, yawan ruwan sama da adadin manyan motoci, ita kuma ta faɗi kaurin kwalta da shekarun da za ta yi. Hanyar da ta bi ta ƙofar gidansu an ba ta shekara ashirin. Sai dai da damina aka yi ƙidayar motocin, lokacin da ba a jigilar masara, tun direbobi ba su gano cewa ta nan ake kauce wa sikelin auna motoci na babbar hanya ba.

Ƙarfe tara ta shigar da lissafin mahaifinta. Manhajar ta ce shekara uku. Hanyar tana cikin ta ukun.

Ƙarfe sha ɗaya ta roƙi shugabanta, Bwalya, a hana tireloli bin gangaren bayan gari.

"Injiniya, littafin tsohonki zan kai wa hukuma? Kawo mini awo."

Ƙarfe ɗaya ta kira gida. "Baba, a rage mini tuwon nshima, kar ka cinye kifin."

Ƙarfe uku tana durƙushe a gangaren, tana auna kwarin da tayoyi suka yi a kwalta. Ta rubuta santimita tara. Direban tirelar da ta take ta ya ce daga baya, tayoyinsa ne suka faɗa kwarin, sitiyari ya ƙi juyawa.

Bayan jana'iza dangin uwarta suka raba tufafinta. Ofis ya aiko aka karɓi kwamfutar. Littafin awonta kuwa, Hachaamba ya kai wa Bwalya da kansa, ya tsaya har Bwalya ya karanta shafin ƙarshe. Bayan sati biyu aka kafa shinge a gangaren.

Tirelolin sun koma hanyar makaranta, wadda ita ma aka ba shekara ashirin. Bironta kuwa, Hachaamba bai ba kowa ba. Da shi yake ƙirga su.