Hannun da Inna Ta Hana a Kwance

Da ranin da ya biyo bayan babbar yunwa, raƙumin wani Buzu ya make ni a kasuwar Maigatari, damtsena na dama ya karye. Aka aza ni a jaki zuwa ƙauyenmu, can gefen Sule Tankarkar. Yunwar ta riga ta tafi da mahaifina, saboda haka gonarmu da cikin kowa a gidan sun dogara ne da wannan hannu.

Maɗorin garinmu ya ja, ya daidaita, ya jera kara ya ɗaure da tsumma. Ya ce idan sabon wata ya kama a kwance, in fara motsa hannun ko da ina hawaye.

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta kama sunana, ba ta haɗa ido da ni, ko sannu sai dai ta yi wa bango. Duk son da kunya ta hana ta nunawa, a kan ɗorin nan ta sauke shi. Wata ya kama, na kai hannu zan kwance, sai ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa wancan ya bari ƙashi ya ƙara ƙwari." Wa ya isa ya musa? Ta ƙara tsumma, ta rataye min hannun a wuya, ko ƙoƙon fura ba ta bari in ɗaga. Haka muka cinye rani.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, maɗorin ya leƙo, ya tarar da karansa a inda ya bar su, ya yi salati. Aka kwance. Ƙashi ya haɗe sumul, amma hannun ya tsotse, gwiwarsa ta ƙage.

"Haba Inna," in ji shi, "ai ƙashi ba ya ɗaga kansa. Tsoka ke jan sa. Ta gaba ta ja, hannu ya lanƙwashe, ta baya ta ja, ya miƙe. Kin zaunar da su wata da watanni, sun manta aiki."

Aka shiga murza da man shanu, ana ja ina cizon haƙori. Na gaji da azaba, na gaji da kaina. Ruwan shuka kuwa bai jira ni ba.

Washegarin ruwan muka fita gona. Na ɗauki sungumi zan yi sara, hannu ya ƙi wuce ƙirjina, sungumin ya suɓuce ya faɗi. Inna ta sunkuya ta ɗauka, ta miƙo min ƙwaryar iri fuskarta na kallon wani wuri.

Ita ta yi saran, da tsufanta. Ni da gemuna na bi bayanta ina jefa gero, ina rufewa da diddige, aikin mata da yara. Ina kallon kafaɗunta na rawa, ta huta ta sake ɗagawa. Har muka kai ƙarshen gonar ba ta waiwayo ba.