Yadda burtali ya tsuke a gefen gonar Baba

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sabo, manomi a wani ƙauye kusa da Bagwai. Da kaka ne, dawa ta sunkuya, shanu suka faɗa gonarsa. Ya fita a guje ko hula babu, gardama ta kaure tsakaninsa da makiyayan, ɗayansu ya sauke masa sanda a ka. Bai ga yankan dawar ba. Allah ya jiƙansa. Ina sakandare lokacin, kuma har yau in na ji kukan saniya a bayan gida sai gabana ya faɗi.

Duk shekarun nan labari ɗaya muke ba kanmu: sun bar hanyarsu sun shigo mana. Ban taɓa tambayar ina hanyar tasu take ba.

Makon jiya wata malamar gona ta zo taron mata da kwamfutar hannu. Ta nuna mana taswirar hotunan da ake ɗauka daga sama, da wani ɗan layi a ƙasanta. In ka ja layin da yatsa sai shekaru su riƙa wucewa, kore ya zo ya tafi, ruwan dam ya cika ya janye. Mata sai dariya suke, Gwaggo Lami na cewa, "Malama, nemo min rufin ɗakina in nuna wa maigidan inda yake yoyo!"

Ni kuma na ce ta nuna min gonarmu. Da tsamiyar kusurwa na gane ta. A gefenta ga burtali, hanyar da aka bar wa shanu tun zamanin kakanni, da faɗinsa kamar titi. Na ja layin gaba. Sai burtalin ya fara tsukewa, gonakin hagu da dama suna matse shi, kowace damina an ƙara kunya ɗaya ko biyu ta shuka. Har da tamu. Kafin a kai shekarar da Baba ya rasu, burtalin ya koma kamar zare. Na miƙa wa malamar kayanta.

Ba wanke wanda ya ɗaga sandar nake ba. Rai ya ɗauka, zai amsa a gaban Allah. Baba kuma ba azzalumi ba ne. Mutum ne da ko mangwaron maƙwabci ya faɗo gidanmu sai ya sa an mayar. Gona ce aka yi ta rabon gado har ta ƙanƙance, bakuna suna ƙaruwa, kowa ya ɗan matsa, shi ma ya matsa. Da zai ga hoton nan yana motsi, me zai ce? Ina jin salati zai yi. Daga ƙasa ba a ganin abin.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne bana yayana Auwalu, wanda gonar ke hannunsa, ya shuka wake har cikin ɗan abin da ya rage na burtalin. Ga kaka ta ƙarato, shanu za su gangaro shan ruwa a dam ɗin Watari. Na same shi na faɗa masa abin da na gani.

"Ke, don kin yi boko, na'ura ce za ta nuna min iyakar gonar ubana? Su zo mana!"

Inna tana tankaɗe, duk ta ji. Washegari ta zura hijabi ta ɗauki fartanya, na bi bayanta. Muka tuge waken nan tas, ga shi har ya fara fure. Da Yaya ya iso yana huci, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na yi takaba a kan ƙasar nan, Auwalu. Ba zan zauna karɓar gaisuwar ɗa a kanta ba."

Har yanzu Yaya ba ya cin tuwon gidanmu. Maƙwabtan ɗaya ɓangaren ba su cire nasu ba, hanyar dai ba ta ishi garke ba, tsorona kuma yana nan. Abin da Baba ya bar mana gona ce, da ɗa mai zuciya irin tasa. In dole sai ɗaya ya ragu, Inna ta riga ta zaɓa: gara gonar ta ragu.