Zama a Gaban Alhaji

A cikin akwatin katako aka kawo injin yankan ciyawa, tsakiyar damina, lokacin da ciyawar lambun ta fi ƙarfin langa-langar maigidana. Lambun biki ne a wajen Kakau, inda masu hali ke kafa rumfuna su yi liyafa. Maigidana ne mai gyaran ciyawa, kuma albarkacin aikin aka ba mu ɗaki a jikin katangar baya. A ɗakin na haifi 'yata. Shi ya sa ranar da na ji Alhaji mai lambun yana cewa in injin ya gagari maigidana zai nemo direba daga unguwar Tirkaniya ya ba shi aikin har da ɗakin, ban iya cin tuwo ba.

Da safe bakanike ya zo daga Kakuri, wani Ibo mai tumbi da yawan raha. Na shimfiɗa zani a gindin mangwaro, ina ba yarinya nono ina kallo. Suka ɓamɓare katakon. Abin kore shar, kamar tarakta da ba ta gama girma ba, sitiyarinsa da kujerarsa naɗe a leda a gefe. Bakaniken ya ɗora su ya ɗaure da sifana, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ba su iska. Ya ce injin a bushe ake kawo shi, wanda ya tayar da shi haka nan ya ƙona shi. Sai ya shiga tsiyaya masa baƙin mai, wanda ba baƙi ba ne ma, kamar zuma yake sauka. Ina kallon zubarsa har na lula. Na ga kaina a kan kujerar, goyo a baya, ina ratsa gonakin masara a hankali, babu mai kirana, hadari yana tafe a samana bai zubo ba.

Muryar bakaniken ce ta dawo da ni. Ya ce Madam ta daina barci da ido biyu, ta zo ta taimaki mijinta. Akwai wuƙaƙe a ƙarƙashin cikin injin, in suka haɗu da dutse sai su harba shi, don haka sai an tsince filin tas. Na goya yarinya na bi ciyawar a duƙe. Na tsinci duwatsu da marafan kwalba da ƙusoshin rumfa, da tsinken tsire, da ɗan kunne ƙwaya ɗaya na wata da ta yi rawa a nan ta tafi. Raɓa ta jiƙa mini bakin zani. Ina tsinta ina waiwayen ƙofar ɗakinmu.

Kafin azahar an haɗa batir, an zuba fetur, an ɗaga wuƙaƙen sama don yankan farko. Bakaniken ya nuna wa maigidana birki da makulli, ya tayar ya kashe, sannan ya tafi bakin titi neman abinci. Yana fita motar Alhaji ta shigo.

Maigidana ya hau, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Injin ya kama, ya fara tafiya. Alhaji ya matso ya tambaye shi yaya abin yake. Maigidana ya yunƙura zai miƙe ya gaishe shi, sai injin ya mutu. Ya sake tayarwa. Alhaji ya sake magana, maigidana ya sake miƙewa, injin ya sake yin shiru. Haka suka yi ta yi, gumi na tsiyaya daga hular maigidana. Na ga Alhaji ya zaro waya yana duba lambobi.

Ban san komai game da inji ba, amma daga gindin mangwaro ina ganin abin da su ba sa gani. Na ɗebi ruwa a kofi na kai wa maigidana.

"Maigida, duk sanda ka ɗaga daga kujerar yake mutuwa. Ka zauna."

"Alhaji na tsaye ni ina zaune? A ina aka taɓa yi?"

"To a ina za mu kwana?"

Ya shanye ruwan bai dube ni ba. Ya murɗa makulli. Alhaji ya ɗago daga wayar ya ce, "Malam, zai yiwu kuwa?"

Na ga jikin maigidana ya motsa zai tashi, sai ya damƙe sitiyarin ya danne kansa. Ya sunkuyar da kai, ya ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ya amsa a zaune cewa zai yiwu da yardar Allah. Injin bai mutu ba.

Da bakaniken ya dawo yana sakace ya ji labari, ya yi dariya har da dafa bango. Ya ce da gangan aka yi shi haka, don in mutum ya faɗo wuƙaƙen su tsaya.

"Oga," ya ce wa Alhaji, "wannan injin bai san gaisuwa ba."

Alhaji ya murmusa, ya mayar da wayar aljihu. Ya ce wa maigidana ya fara daga bakin ƙofa, gobe kuma ya yi bayan rumfa. Sannan ya tattara babbar rigarsa ya matsa gefe, ya ba shi hanya. Ƙamshin ɗanyar ciyawa ya taso ya cika lambun, ni kuwa na kwance goyo na koma ɗakinmu na ɗora tukunya.