Amawalin Babana

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne babana, Alhasan, a ƙauyenmu tsakanin Keita da Buza. A ƙauyen nan, Buzu ake ce masa, ko da yake nan aka haife shi, nan ya yi noman gero har ƙarfinsa ya ƙare, kuma matarsa, innata, Ba'adara ce daga Tabotaki. In ya je arewa wajen dangin kakansa makiyaya, su kuma Bahaushe suke ce masa, suna yi wa kantar hannunsa dariya. Bai taɓa kawo ƙarar kowa ba.

Abu guda ya riƙe daga can: amawali, wato gefen rawanin da ke rufe baki. Ko tuwo zai ci, ta ƙarƙashinsa yake kai loma. Na taso ban san bakin ubana ba, idanunsa kawai na sani.

Ina kwalej a Madawa aka kira taron iyaye. Ya zo bisa motar albasa, ya riƙo mini cuku a ƙullin tsumma. Tun daga ƙofa yara suka fara: "Ga mai gadi ya zo!" Ni kuwa lokacin ina ji da ɗan Faransancina. Na ja shi gefe na ce, "Baba, ka sauke wanga abu, nan ba daji ba na."

Ya dube ni ya ce, "Shi kaka so?"

Na ce i. Ya sa yatsa ya sauke shi har haɓa. Ran nan na fara ganin bakinsa, ashe yana da wushirya irin tawa sak. Haka ya zauna har aka tashi taro, kansa a ƙasa. Sai da na girma na gane cewa a wajen mutanensa, dattijo ya buɗe baki cikin jama'a daidai yake da ya tsaya ba wando. Bai sake zuwa Madawa ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Ni ma ban tayar ba, ina ta cewa sai wata rana.

Yau samari na naɗa rawani irin nasa don hoton waya, baki a buɗe, ana washe haƙora. Da yana nan, ban sani ba ko zai yi murna abin ya daina zama abin dariya, ko zai kau da kai. Ni dai ina Madawa har yanzu. In na je gida ɗan Buzu ne ni. In dangin arewa suka kira suka gaishe ni da Tamajak, harshensu, sai in amsa da Faransanci, a kashe waya. Kaɗaicin nan na damuna, kuma ni na saya wa kaina shi.

Rawaninsa na wurina. Sallar da ta wuce na ɗauko shi in naɗa zuwa idi. Ƴata Hadiza ta riƙe mini madubi tana dariya, ta ce, "Baba, wai ba wanda ya gwada maka?"

Da can akwai wanda zai gwada mini, ban tambaye shi ba. Sau uku ina ɗaga amawalin, sau uku yana zamewa wuya. Duk zamewar da ya yi, bakin Baba nake gani a madubin, a buɗe, kamar yadda na bar shi a Madawa.