Tambayar da Nasiru ya yi mini a wurin makoki

Jiya a Bakura, ina zaune kan tabarmar makoki, na riƙe hannun ɗalibina Nasiru da ya rasa mahaifiyarsa. Na ce masa, "Yi haƙuri, in sha Allahu tana cikin rahama."

Ya matso, ya yi ƙasa da murya: "Malam, wagga magana gaskiya ta, ko ita ma kowa da tashi?"

Nan take na tuna. A makon jiya na koya wa 'yan ajinsu kimiyyar kwantum, cewa ba a tabbatar da inda ƙwayar lantarki take sai an auna ta. Daɗin darasi ya kwashe ni, na ƙara da zancen wasu masu falsafar zamani, wai babu gaskiya ɗaya, kowa da tasa. Don in burge aji na faɗa. Shi kuwa ya tafi da maganar har bakin kabari.

Na ce, "Nasiru, awon ƙwaya daban, alkawarin Allah daban. Ni na cakuɗa su."

Ya gyaɗa kai kawai.

'Yan'uwana malamai, ranar Litinin zan koma ajin nan. Ta ina zan fara gyara?