Turmina a Cikin Mota Mai Ɗaki

Abubuwa da yawa sun zube mini daga kai, har jikokina sai na kira sunan biyu kafin in dace da na wanda nake nufi. Amma tafiyar da muka yi a mota mai ɗaki zuwa dajin Gugaram tana nan daram, da ita za a kai ni kabari. Ni ban yi lekol ba, wato boko, faɗa nake ana rubutawa, sai dai abin da idona ya gani ba ya bukatar gyaran kowa.

Daga Damagaram aka kawo ni Arlit ina amarya. A nan na haihu, a nan na aurar, a nan na yi takabar mai gidana. Duk da haka, in ka cire hanyar Agadas, ban san komai na bayan garin ba. Ina ganin raƙuma suna fitowa daga inda babu komai, su koma inda babu komai, ina tambayar kaina a ina mutanen nan suke kwana.

A cikinsu ina da ƙawa, wata Ba'abziniya mai sayar da cuku. Tun muna goyo take sauka gidana in ta shigo kasuwa, ta kwana, ta sha furata, ta ba ni cuku in ba ta gero da kuka. Ita Hausarta kowa "kai" ne, mace ko namiji. Kullum sai na tambaye ta ina gidanta, kullum sai ta nuna da haɓa ta ce can, kuma can ɗin bara daban da na bana. Ina tausaya mata ƙwarai, ina ce mata Allah ya ba ta wurin zama guda, ita kuma tana dariya. Da tsufa ya kama mu sai ta daina zuwa. Danginta suka ce idanunta sun yi rauni, tana wajen Gugaram tare da 'ya'yanta.

Babban ɗana makanike ne a kamfanin haƙar uraniyum. Da ramin da yake wa aiki ya rufe, ya yanke shawara mu koma Damagaram gaba ɗaya. Kafin nan ya sayi wata tsohuwar motar ɗaukar ma'aikata, fara, ya cire kujerun, ya kafa gado da tankin ruwa da murhun gaz da ɗan firigo mai sanyaya abinci, ya ɗora gilashin kama rana a saman rufi, ya tsayar da wani dogon ƙarfe don kamo rezo, wato sabis na waya. Wai a waya ya ga Turawa suna yawo da irinta. Unguwa ta yi ta zuwa kallo. Ni kaina na shiga na murɗa famfon, na ga ruwa yana zubowa a cikin mota, na ce lalle duniya ba ta gama haihuwa ba. A nan na shaida masa ba zan bar ƙasar nan ba sai na yi sallama da ƙawata, tunda ga ɗaki mai tafiya ya ƙera. In ban gan ta yanzu ba, sai lahira.

Shirin tafiyar ya fi tafiyar kanta surutu. Bayan la'asar ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida ana gardamar inda za a yi zango. Ɗana yana son ƙasa mai tauri kada taya ta nutse, nesa da cikin ƙorama tunda damina ba ta jima da ɗaukewa ba, kuma kusa da tudu saboda waya. Surukata tana son inda ido ba zai kai ba in za ta yi wanka, kuma nesa da rijiya saboda ƙuda. Wani maƙwabcinmu da ya daɗe yana kai kaya Cibarakaten, wajen masu haƙar zinariya, ya ce a shaida wa jandarma kafin a fita, kada a yi tafiya bayan rana ta faɗi, kuma a yi lissafin ruwa kafin na mai. Aka kira wani dattijo Ba'abzine mai shago a bakin layinmu. Shi ya ce in gefen Gugaram bai yi ba a gwada gefen Dannat, ya kwatanta mana wuri uku masu itacen aduwa kusa da inda makiyaya ke shayarwa. Ya kuma ja mana kunne: baƙo ba ya kutsawa da abin hawansa cikin bukkokin mutane. Yakan tsaya inda za a hango shi, ya sauka, ya jira, masu wurin su za su zo su tarye shi. Wannan ta burge ni, na riƙe ta gam.

Ranar loda kaya muka yi rigima a kan turmina. Ɗana ya ce, "Inna, nauyi ne kawai. Ga fura an dama an sa a firigo, ga garin tuwo an niƙo."

Na ce, "In turmina bai shiga ba, ni ma ban shiga ba."

Kada wani ya ɗauka hangen nesa ne. Akwai wata maƙwabciyata mai aron kaya, ta taɓa tsaga mini taɓarya, na san ina juya baya za ta aiko. Haka turmin ya shiga ƙarƙashin gado da taɓarensa biyu da ɗan buhun gero, ɗana yana ta ƙunƙuni.

A hanya kuwa na ga abin mamaki. Ashe inda nake cewa babu komai akwai ciyawa mai laushi da take tsirowa a bakin ƙoramu, akwai duwatsu baƙaƙe kamar an ƙona su, akwai awaki da suke miƙewa a ƙafa biyu suna cin ganye. Ina manne da taga ina ta tambaya, har surukata ta ce Inna ta koma 'yar yaye.

Zangon farko muka yi komai yadda aka koya mana. Muka tsaya ƙarƙashin aduwa, can nesa ana hango bukkoki a gindin wani dutse. Rana tana da zafi, sai muka shige ciki muka saki labule, surukata ta dafa shinkafa a gaz, muka ci, muka jira. Na ɗaura kallabina mai kyau, na ajiye gero da kuka da turmin atamfa da na kawo wa ƙawata. Babu wanda ya zo. Na leƙa na ga mata da jakuna sun nufi rijiya, sun tsaya sun dube mu, sun kauce ta wata hanya. Wani mai raƙumi ya zagaye mu daga nesa kamar mai duba rami. Washegari ɗana ya taka da ƙafa wurin wani makiyayi, ya yi masa kwatancen tsohuwa mai cuku da 'ya'yanta. Mutumin ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi lafiyar iyali da gajiya, amma kowace tambaya amsarta bai sani ba. Yana gamawa ya kora awakinsa ya yi gaba.

Zango na biyu ma haka, har ya fi, don a nan ko inuwar mutum ba ta matso ba. Abin ya ɗaure mini kai fiye da yadda ya ɓata mini rai. Mutanen da mace guda tasu take raba cukunta biyu ta ba yarana kyauta, yaya za su ga baƙo su juya baya? Na duba kayanmu, na duba fuskokinmu, ban ga abin gudu ba. Ɗana kuwa tanki yake dubawa. Ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ji sautin ya koma na fanko, ya ce mini a hankali wuri na uku shi ne na ƙarshe, in ba a dace ba sai gida. 

A zango na uku, da safe, aka buɗe firigo aka tarar girgizar hanya ta kwance masa wayar wuta, fura ta yi tsamin da ko akuya ba za ta sha ba. Ni kuwa tun ina yarinya hantsi ba ya yi mini ban sha fura ba. Aka jawo turmi daga ƙarƙashin gado. Tukunyar dafa dawo ba ta zama a kan ɗan murhun gaz, dole ɗana ya tsinto itace aka hura wuta a waje. Surukata ta wanke zanenta ta shanya a reshen aduwa, sannan ta kama taɓarya. Na ga dakanta na 'yan zamani, na tashi na ɗauki ta biyun. A unguwarmu ta Damagaram babu budurwar da ta kai ni lugude, kuma hannu bai manta ba. Na jefa taɓarya sama na tafa na cafe, ita tana saukewa ina ɗagawa, sautin yana dukan dutse yana dawo mana.

Ba mu kai ga tankaɗe ba sai ga mata uku da jaki sun ɓullo daga bayan tudu, ta gaba tana riƙe da ƙwaryar nono. Suka yi sallama, suka zauna a tabarma kamar jiya muka rabu. Babbarsu ta dubi wutar, ta dubi zanen da ke shanye, ta dubi turmin, ta ce, "Ashe gida ne."

Na ce, "Da me kuka ɗauke mu?"

Sai ta warware mini. Farar mota mai fentin kamfani, da gilashi a ka, da dogon ƙarfe, a rufe ruf, ba hayaƙi, ba daka, ba zanen mace. Su a saninsu irin wannan mota awon ƙasa take zuwa yi, kuma bayan awo sai shinge ko rami, makiyayi ya rasa hanyar rijiyarsa. Saboda haka in ta zo ana gaishe ta, amma ba a gaya mata inda kowa yake. Labarinmu ya riga mu tafiya daga rijiya zuwa rijiya. Ta ce sun yi ta gardama ma a kanmu, wasu na cewa sun hango kallabi a taga, wasu na cewa kamfani ma yana ɗaukar mata aiki yanzu. Sai yau da suka ji lugude gardama ta ƙare, don ba a taɓa ganin mai awo ya zo da turmi ba.

Da na kwatanta ƙawata, ƙaramar cikinsu ta rufe baki tana dariya. Ashe bukkokin nan na gindin dutse, waɗanda na wuni ina leƙe ta labule a zangon farko, a cikinsu take. Makiyayin da ya ce bai sani ba, mijin 'yarta ne.

Matan suka kora jakinsu rijiya suka yi ta ɗebo mana ruwa har tanki ya cika, babbarsu ta shiga mota ta raka mu. Da muka koma ƙarƙashin aduwar farko, ɗana bai jira na yi magana ba, shi da kansa ya sauko da turmin kafin tabarma. Na zuba gero tafi biyu na fara. Can sai na ga an ɗaga bakin wata bukka, wata mata ta riƙo hannun tsohuwa suna tahowa sannu a hankali. Tun daga nesa na ji muryarta.

"Wannan dakan na san shi. Tsohuwa, kai ne?"

Na ce ni ce. Taɓaryar ta suɓuce mini, karo na farko a rayuwata.

Bayan mun gama kukanmu da gaisuwa, ta ce a shigar da ita ta ga abin da ya hana su barci. Da hannu ta gan shi. Ta shafa gado, ta shafa labule, ta murɗa famfo ruwa ya jiƙa mata hannun riga, ta tambayi ɗana me yake ci, kuma ina ake ɗaure shi kada ya ɓace. Sannan ta juyo wajena ta ce, "Shekara da shekaru kana tausayina gidana ba ya zama wuri guda. Ga naka har da ƙafa huɗu."

Na sake yi mata tsohuwar tambayata, na ce to yau dai gaya mini ina gidanki. Ta nuna ƙasa da haɓa ta ce nan, zuwa lokacin da ciyawar za ta ƙare. Na so in bar mata turmin don tunawa. Ta ɗaga gefensa ta ji, ta ce jakinta bai yi mata laifin komai ba, in tafi da abina. Ɗana ya yi dariya har da riƙe ciki, wai yau ya sami mai goya masa baya. Muka kwana biyu a wurin, ana kawo nono muna ba da fura, mijin 'yarta yana dafa wa ɗana shayi yana kauce wa idona.

Yanzu ina Damagaram, turmin yana tsakar gida, motar tana ƙofar gida yara suna wasan ɓuya a ciki. Ita kuwa labarin rasuwarta ya iske ni daminar da ta biyo baya, Allah ya jiƙanta. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, mun zauna mun auna komai na wurin sauka, inuwa da ƙasa da ruwa da waya, duk abin da mu za mu samu a wurin. Babu wanda ya tambaya me mutanen wurin za su gani in sun dube mu. Tun daga ranar, duk inda na sauka baƙuwa ba na sakin labule. Nakan hura wuta a fili, in bar mutane su ji motsina, su san gida ne ya zo.